Yadda Ake Kallon Ƙarƙashin Teku da Tabarau da Tiyo a Zanzibar, Daga Gaɓa da Kuma Cikin Jirgi

Mutumin da ya tashi a Yamai ruwa ɗaya ya sani, wato kogin Isa (kogin Neja), wanda yake yin ja wur da damina, kuma ko da hunturu, in ka tsoma hannunka har gwiwa, da ƙyar kake ganin yatsunka. Wanda ya tashi a Tawa kuwa iyakarsa tabkin Tabalak da gulaben da ke cika bayan ruwan sama. Saboda haka idan aka ce mana akwai ruwan da mutum zai kwanta a kansa ya hangi kifi yana kiwo a zurfin mita 10, kamar yadda ake hangen kaji a tsakar gida daga kan soro, sai mu ɗauka zance ne kawai. Ni ma haka na ɗauka har sai da aiki ya kai ni Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya da ke Tekun Indiya, na sa fuskata cikin ruwan na gani da idona. Abin da ake yi shi ne mutum ya sa tabarau mai rufe ido da hanci, ya riƙe ɗan gajeren tiyo a baki, ya kwanta ruf da ciki a saman ruwa yana numfashi yana kallon ƙasa. Ba nutso ba ne irin na masu goya tulun iska a baya, kuma ba ya bukatar ƙarfin Basarke. Abu biyu yake bukata: numfashi cikin natsuwa, da sanin lokacin da teku ke cika da lokacin da yake janyewa.

Abin da za ka fara tun kana gida

Kayan uku ne. Tabarau shi ne babba, kuma shi kaɗai nake ba da shawara mutum ya mallaki nasa, domin na haya ya ratsa fuskoki da yawa, robarsa ta saki. Ga yadda ake gwada shi: ka ɗora shi a fuska ba tare da ka ja igiyarsa ba, ka shaƙi iska kaɗan ta hanci, sannan ka saki hannu. Idan ya manne bai faɗo ba, naka ne. Idan ya faɗo, ajiye shi ko da ya fi kowane kyau. Sabon tabarau yana zuwa da wani siririn maiƙo na masana'anta a cikin gilashinsa, wanda ke sa shi yin hazo nan da nan, don haka sai ka goge cikin da farin man goge baki da yatsa, ka ɗauraye, ka maimaita sau biyu ko uku. Mai gashin baki ya san cewa ta nan ruwa zai riƙa kutsowa, sai ko dai ya rage gashin da ke dab da hanci ko ya shafa masa ɗan basilin. Mai ciwon ido da ke amfani da gilashin likita ba zai iya sa shi a ƙarƙashin tabarau ba, amma ruwa da kansa yana ɗan taimakawa, tunda duk abin da aka gani ta cikinsa yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa.

Tiyon, wanda Faransawa ke kira tuba, tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba, kuma da gangan aka yi shi haka. Iskar da ka fitar ba ta ficewa duka, wata tana saura a cikinsa, kuma idan ya yi tsawo da yawa gurɓatacciyar iskar nan za ka yi ta maimaitawa har kanka ya fara ciwo. Wannan ne ma dalilin da ya sa numfashin da ake so shi ne mai zurfi, a hankali, ba haki sama-sama ba. Na ukun su ne takalman iyo masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, waɗanda ake iya haya a can ba matsala, muddin ba su matse ka ba kuma ba su sulɓewa.

Kafin ka hau jirgi, ka koya wa jikinka numfashi ta baki. Ka cika babban baho da ruwa a tsakar gida, ka sa tabarau da tiyo, ka tsoma fuskarka, ka zauna haka minti 2, gobe minti 5. Wasu za su ga abin kamar wasan yara, alhali kuwa nan ne aikin yake, domin tun ranar da aka haife mu jiki ya saba cewa in fuska ta shiga ruwa sai a riƙe numfashi, kuma wannan sabon ne ke tsorata mutum a teku. Bayan baho, ka nemi wurin iyo na ɗaya daga cikin otel-otel na Yamai, ka biya kuɗin shiga sau uku ko huɗu, ka koyi kwanciya a saman ruwa da kuma fitar da ruwan da ya shiga tiyo, wanda ake yi da hurawa sau ɗaya da ƙarfi, kamar mai cewa "tu". Kada ka yi wannan gwaji a kogi: ba za ka ga komai ba, ga dorina a wasu wurare, ga cutar tsargiya. Wanda bai iya iyo ba sam, ya fara koyon iyo tukuna. Mai hawan jini, ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya kuma ya ga likita kafin ya yanke shawara.

Batun tafiya gajere ne. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga filin Diori Hamani zuwa Adis Ababa, daga can a sake wani zuwa Zanzibar. Ka nemi biza tun kana gida da makonni a hannu, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka kuma sani cewa tun 1 ga Oktoba 2024 hukumomin Zanzibar suka wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta dalar Amurka 44. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ne mai yawa, wanda suke kira masika, kuma yana gurɓata teku. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da muke fama da ƙurar hunturu, can zafi ne, ruwan kuma ɗumi gare shi. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, ruwan ya ɗan yi sanyi, amma zafinsa ba ya sauka ƙasa da wajen digiri 25.

Wata shi ne agogon teku

Nan ne nake son mai karatu ya tsaya sosai, domin wannan shi ne abin da kogi bai koya mana ba. Kogin Isa sau biyu yake cika a shekara, jan ruwan damina da kuma ruwan da ke gangarowa daga Gini da hunturu. Teku kuwa sau biyu yake cika a kowace rana, sau biyu yake janyewa, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da wajen minti 50. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiyani da Matemwe, inda gaɓa take shimfiɗe, ruwan yakan janye ya bar fili mai nisan tafiya, har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku da ƙafa, bayan ƴan awanni kuma wurin ya koma ya shanye tsayin mutum. Bambancin cika da janyewa yakan kai kusan mita 4.

Abin da ke jan ruwan nan wata ne, da taimakon rana, kuma mu mutanen da ke ƙirga kwanan wata don azumi da salla muna da sauƙin gane shi fiye da baƙi da yawa. A farkon watan Musulunci, da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, wata da rana suna jan ruwa a layi ɗaya, sai cikar ta yi yawa, janyewar ma ta yi nisa, ruwa ya riƙa gudu da ƙarfi tsakanin biyun. Masunta a can suna kiran wannan lokaci bamvua. A wajen ranar 7 ko 8 ga wata, da kuma 22 ko 23, ruwan yakan lafa, suna ce masa maji mafu, wato mataccen ruwa, kuma shi ne ya fi dacewa da ɗan koyo. Otel-otel da yawa suna da takardar lokutan cika da janyewa, a waya ma ana samu. Ka duba ta kowace safiya kamar yadda kake duba lokacin salla.

Shiga daga gaɓa

Ranar farko daga gaɓa za ka fara, ba daga jirgi ba, ko da an yi maka tayin araha. Arewacin tsibirin, wato Nungwi da musamman Kendwa, ya fi sauƙi, domin gaɓar can tana da gangare, ruwa ba ya gudu ya bar ka. Ka fita da safe kafin iska ta tashi, kuma kada ka taɓa shiga kai kaɗai. Kafin ka jiƙa ƙafa, ka tsaya minti 5 kana kallon ruwa: ina kwale-kwale ke shiga da fita, wane gefe ciyawa da kumfa ke tafiya, a ina igiyar ruwa ke fashewa. Ka zaɓi wata alama a tudu, bishiyar kwakwa mai tsawo ko rufin wani gida, wadda za ka riƙa ɗago kai kana dubawa. Sannan ka tambayi masuncin da ke gyaran komarsa a wurin, domin minti ɗaya na maganarsa ya fi duk abin da na rubuta nan.

Ka tofa miyau cikin gilashin tabarau tun yana bushe, ka murza, ka ɗauraye sau ɗaya, wannan ke hana hazo. Ka sa shi ba tare da matsewa ba, igiyar tana saman ƙeya, gashi ko gefen hula bai shiga ƙarƙashin robar ba. Kuskuren da na yi ranar farko shi ne da na ga ruwa na shigowa sai na yi ta ƙara ɗaure igiya, ashe matsewar ce ke lanƙwasa robar tana buɗe masa hanya, na fito da zobe a fuska da ciwon kai har la'asar. Ka shiga ruwa da takalman a hannu har ya kai maka ƙugu, sannan ka sa su kana dafe da abokinka. In kuwa dole ka yi tafiya da su a ƙafa, da baya za ka yi ta. Ka riƙa jan ƙafa a kan yashi maimakon ɗagawa, domin akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da ke binne kansa, yana da ƙaya a wutsiya, kuma in ya ji motsi zai tashi ya ba ka wuri.

Daga nan sai ka durƙusa, ka sa fuska, ka yi numfashi goma kafin ka saki ƙafa. Za ka tarar ruwan ya ɗauke ka fiye da yadda ka saba, saboda kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Hannuwa a gefen jiki, ƙafafu a miƙe, bugun yana tasowa daga cinya, a hankali, takalman ba su fasa saman ruwa. Idan ruwa ya shiga tabarau, ka ɗago kai, ka ɗaga gefen ƙasa kaɗan ya zube. Idan ka ji tsoro ko gajiya, ka juya rigingine, ka cire tiyo, ka kalli sama har zuciyarka ta kwanta. Ka fara iyo kana fuskantar inda ruwa ke fitowa, domin in ka gaji shi zai dawo da kai, kuma ka juya tun kana da sauran fiye da rabin ƙarfinka.

A gabashin tsibirin akwai katangar murjani can nesa inda ake ganin farin kumfa, kuma tana da ƙofofi. Lokacin janyewa, duk ruwan da ke tsakanin gaɓa da katangar ta waɗannan ƙofofi yake fita da gudu. Ɗan koyo ba shi da abin yi kusa da su. Idan har ruwa ya kama ka yana ja waje, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ba a cin sa. Ka yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga bakinsa, ko kuwa ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu ɗaya kana kaɗawa, wanda shi ne alamar neman taimako. Ɗora hannu a kai kuma yana nufin lafiya lau.

Abin da ke ƙasa, da abin da ba a taɓawa

Mu Hausawa a wuyan amarya muka san murjani, don haka mutum kan ɗauka dutse ne. Halitta ce mai rai, dubban ƙananan dabbobi da ke gina gidansu na farar ƙasa a kan na iyayensu, kuma masu kama da tulu ko kan mutum wajen santimita ɗaya kawai suke ƙaruwa a shekara. Wanda ya kai girman turmi ya yi gomman shekaru yana girma. Na taɓa tsayawa kan wani guda ɗaya kusan rubu'in awa ban motsa ba: ga wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku yana gatsar dutsen, har kana jin ƙarar haƙoransa ta cikin ruwa, ƙas-ƙas, kamar mai cin aya, ga wasu ƴan kifaye biyu masu ruwan goro da farin zane suna leƙowa daga cikin wata halitta mai laushi kamar gashi, ɗayan har yana taso mini don ya kare gidansa, alhali bai kai tsawon yatsana ba. Wanda ke sauri ba ya ganin wannan. Zafin teku na shekarar 1998 ya kashe murjani mai yawa a Tekun Indiya, abin da ya rage kuma yana farfaɗowa da ƙyar, saboda haka kada ka taka shi, kada ka dafa shi, kada ka ɓalle shi ka sa a jaka a matsayin tsaraba, kwastan ma na iya ƙwace shi.

Kiyaye hannu kariya ce gare ka kai ma. Bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi, tana cika ramukan duwatsu, ƙayarta kuma tana karyewa cikin nama. Akwai kifin da ya yi kama da dutse sak, dafinsa mugu ne, akwai kuma wani katantanwa mai siffar mazurari da kyakkyawan zane wanda ke harbi. Ga sukar ƙayar bushiya ko ta waɗannan kifaye, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kimanin digiri 45, a nufi likita. Ƙujewar murjani kuwa, komai ƙanƙantarta, a wanke ta da sabulu da ruwa mai daɗi, domin saurin ruruwa gare ta.

Idan ka saba har kana son ka ɗan nutsa, ka ja numfashi ɗaya na ƙwarai, ka sunkuya, ka toshe hanci ta cikin robar ka hura a hankali tun kafin kunne ya fara zafi, domin a zurfin mita 10 nauyin da ke kan kunne ninki biyu ne na wanda ke sama. Kada ka yi ta haki da sauri kafin nutso don ka daɗe a ƙasa. Wannan dabara tana sa mutum ya suma cikin ruwa ba tare da wani gargaɗi ba. Mai mura kuwa ya haƙura da nutso.

Fita da jirgi

Wuraren da suka fi kyau sai da jirgi. Akwai Mnemba a arewa maso gabas, ƴan kilomita daga Matemwe, inda ruwa yake garau, sai dai tsibirin kansa ba a sauka a kansa, a kewaye ake iyo, kuma ana biyan kuɗin kiyaye muhalli. Akwai tsibirin Chumbe a kudu da Stone Town (tsohon birnin Zanzibar), wanda aka killace murjaninsa tun 1994, ba a kamun kifi, kuma baƙi ƙalilan ake karɓa a rana, don haka sai an yi rajista tun da wuri. Akwai kuma mashigin Menai, inda ake tashi daga ƙauyen Fumba da jiragen katako masu filafilai.

Wajen ciniki, ka tambayi abu huɗu kafin kuɗi: akwai rigar ceto ga kowa, akwai tsani, akwai jagoran da zai shiga ruwa tare da ku, kuma kuɗin muhalli yana ciki ko dabam. Ka kuma tantance lokaci da kyau, domin Waswahili daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa: idan matuƙin jirgi, wanda suke kira nahodha, ya ce maka saa mbili, wato awa biyu, ƙarfe 8 na safe yake nufi. Ka nuna masa a fuskar agogo, kuma ka tuna agogonsu yana gaban na Yamai da awa 2. Na taɓa hawa wani jirgi da ya ɗauko mu goma sha biyu da rigar ceto huɗu, na ga haka tun muna gaɓa na yi shiru don kunya, ban kuwa sami natsuwa ba har muka dawo. Yanzu in ban ga rigar da idona ba, ba na hawa.

Mai jin jiri a mota zai ji shi a jirgi. Ka ci abu mara maiƙo, ka riƙe citta ko maganin jiri daga farmasi, ka zauna tsakiyar jirgi kana kallon inda teku ya haɗu da sama. In an iso, ka jira a kashe inji, nahodha ya ba da izini. Ka zauna a gefen jirgi ƙafafu a waje, tafin hannu a kan tabarau da tiyo, ka zame ciki. Abin da zai fara razana ka shi ne rashin ƙasa a ƙarƙashin ƙafa, shuɗi kawai har iyakar gani, saboda haka ka sa rigar ceto a fitar farko ko da ka iya iyo, ka riƙe igiyar jirgi, ka yi numfashinka goma irin na baho kafin ka saki. Ka haddace launin jirginku da sunansa, domin a Mnemba jirage kan taru da yawa kuma daga cikin ruwa duk kama suke yi. Ka tambaya ko jirgin zai tsaya wuri ɗaya ne ko zai bi ku yadda ruwa ke tafiya da ku. Sauti yana tafiya da sauri a ruwa har ba a gane ta ina ya fito, don haka da ka ji ƙarar inji ka ɗago ka duba. Wajen hawowa, ka nisanci bayan jirgi inda farfela take, ka kama tsani, ka cire takalma ka miƙa, kada kuma ka tsaya ƙarƙashin wanda ke hawa. Kafin a tayar da inji, ka tabbata an ƙirga mutane.

Game da sutura, mutanen Zanzibar mafi yawansu Musulmi ne, ba wanda zai yi mamakin ganin ka da doguwar riga mai kama jiki da wando har ƙasa da gwiwa, hasali ma su ne kariya mafi kyau daga rana, wadda ke ƙona ƙeya da bayan ƙafa ko da fatar mutum baƙa ce. Ƴan'uwa mata su nemi kayan iyo masu rufe jiki duka da hula mai kama kai, su bar zane da dogon hijabi a jirgi, domin yadi mai yalwa yana shan ruwa ya yi nauyi, ya naɗe ƙafafu. Ruwan teku yana halatta alwala, don haka azahar ba ta wuce ka a tudun yashin da ake yada zango. Da azumi kuwa gara a ɗage abin baki ɗaya, tunda haɗiyar ruwa ba ta da makawa ga ɗan koyo, ga ƙishirwar da gishiri da rana ke jawowa.

In an dawo tudu, ka sha ruwa da yawa, ka karkata kai kowane gefe ruwan kunne ya fita, kada ka cusa masa tsinke ko auduga. Ka ɗauraye tabarau da tiyo da ruwa mai daɗi, ka shanya su a inuwa, domin rana tana cin roba. Idan ka dawo da su Yamai, ka ajiye tabarau cikin akwatinsa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwanon rufi, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai busar da robar kafin tafiya ta gaba.